Darasi: Tuhumar Laifi, Abin da Take Jawowa, da Aikin Lauya

Manufofin darasi

Idan mun kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:

1. bambance zargi da tuhuma da hukunci;
2. faɗin kashi uku na laifuka a dokar Nijar da horon kowanne;
3. bin sawun ƙara tun daga ofishin jandarma ko na ƴan sanda har kotun ɗaukaka ƙara;
4. lissafa asarar da tuhuma ke jawo wa mutum da iyalinsa;
5. bayyana aikin lauya, da inda marar hali zai sami mai kare shi.

1. Zargi daban, tuhuma daban, hukunci daban

A garuruwanmu, da zarar an ga motar jandarma ta ɗauki mutum da safe, kafin la'asar labari ya gama gari cewa wane ɓarawo ne. Doka ba haka take kallon lamarin ba. A wurinta, mutum ba shi da laifi har sai kotu ta saurare shi, ta auna hujjoji, ta yanke hukunci. Wanda ya kawo ƙara shi ke da nauyin kawo hujja. Malamanmu na fiƙihu ma haka suke karantarwa, kuma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita, ta tanadi wannan a sashe na 7, tare da haƙƙin mutum ya zaɓi mai kare shi.

Sai dai wahalar tuhuma ba ta jiran ranar hukunci. Tana farawa ne tun daga awannin farko na kamu. Shi ya sa sanin haƙƙi da neman mai kariya da wuri suke da muhimmanci.

> Akwatin kalmomi na 1
> Zargi: maganar da wani ya yi cewa ka aikata laifi, ko da ba hujja.
> Tuhuma: laifin da hukumar shari'a ta jingina maka a rubuce, ta ce ka amsa shi.
> Hukunci: abin da kotu ta yanke bayan ta ji kowane ɓangare. Yana iya zama horo, yana iya zama wankewa.
> Mai gabatar da ƙara: ma'aikacin shari'a da ke tsayawa a madadin al'umma, yana bin laifuka, yana kai su gaban kotu.

2. Kashi uku na laifuka

Kundin dokokin horo na Nijar da aka kafa ranar 15 ga Yuli 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, ya kasa laifuka kashi uku bisa nauyin horonsu.

Ƙaramin laifi shi ne irin saɓa wa wasu ƙa'idojin hanya ko na tsabtar gari. Horonsa tara ce da ba ta kai jika 100 ba, ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba.

Matsakaicin laifi ya haɗa da sata, damfara, cin amana, duka da rauni, da sayen kayan sata da sani. Ɗaurinsa ya haura kwana 30, amma galibi bai kai shekara 10 ba. Mafi yawan ƙararrakin laifi da ake ji a kotunanmu na wannan kashi ne.

Babban laifi shi ne kamar kisan kai, fyaɗe, da bautar da ɗan adam. Horonsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne, ko ɗaurin rai da rai, ko hukuncin kisa, ko da yake rabon da a zartar da kisa a Nijar tun 1976.

Ga abu biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, yaron da bai kai shekara 13 ba doka ba ta ɗora masa horon laifi, sai dai a ɗauki matakin tarbiyya da kariya. Wanda ya haura 13 bai kai 18 ba kuwa, alƙalin yara ne ke duba lamarinsa. Na biyu, sarakuna da hakimai da masu gari suna da ikon sulhu a rikicin gona, gado, aure da bashi, amma ba su da ikon hukunta laifi. Ko mai ƙara ya ce ya yafe, a yawancin laifuka mai gabatar da ƙara yana iya ci gaba da shari'a, don laifin ya taɓa al'umma gaba ɗaya. Sulhu yana da amfani, yana iya sa kotu ta sassauta, amma ba shi ke rufe takarda ba.

3. Hanyar da ƙara ke bi

*Mataki na farko: tsarewar bincike.* Jandarma ko ƴan sanda suna iya riƙe mutum awa 48 domin bincike. Idan suna son ƙari, sai mai gabatar da ƙara ya ba da izinin wasu awa 48. Wasu laifuka, kamar ta'addanci, suna da wa'adi na musamman da ya fi wannan tsawo. A wannan lokaci ne ake rubuta bayanin mutum cikin Faransanci, a ce ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wannan takarda za ta bi shi har gaban alƙali. Kada ka dangwala sai an karanta maka, an fassara maka, ka tabbata abin da ka faɗa ne aka rubuta. Doka ta kuma ce wanda za a miƙa wa mai gabatar da ƙara a haɗa shi da takardar likita mai nuna ba a azabtar da shi ba.

*Misali na 1.* An kama wani mai sayar da albasa a Galmi ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe, kan faɗa da ya kai ga rauni. Yaushe wa'adin riƙe shi zai cika? Awa 48 kwana biyu ke nan, wato Laraba ƙarfe 10 na safe. In an sami izinin ƙari, wa'adin zai kai Juma'a ƙarfe 10 na safe. Daga nan ko a sake shi, ko a kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Ya kamata danginsa su rubuta rana da sa'ar da aka kama shi.

*Mataki na biyu: gaban mai gabatar da ƙara.* Shi ne zai duba takardun, ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya ajiye maganar in ya ga ba hujja, ko ya tura ta kotu kai tsaye, ko ya miƙa ta ga alƙali mai bincike. Babban laifi dole ya bi ta hannun alƙali mai bincike.

*Mataki na uku: jiran shari'a.* Ana iya barin mutum ya jira a gida, ana iya ajiye shi a gidan kaso. Wannan ajiya ba hukunci ba ce, kuma tana da iyaka: a ƙa'idar da ta shafi laifukan yau da kullum, ba ta wuce wata 12 a matsakaicin laifi, ba ta wuce wata 30 a babban laifi. A kowane lokaci mutum ko mai kare shi yana iya roƙon sakin talala. In aka ɗaure shi daga baya, ana cire kwanakin da ya riga ya yi.

*Mataki na huɗu: zaman kotu.* Birnin Ƙonni na da babbar kotu, haka Tawa, Illela kuma na da ƙaramar kotu. Wanda ba ya jin Faransanci yana da haƙƙin tafinta. Ana jin mai ƙara, da shaidu, da mai gabatar da ƙara, sannan ɓangaren wanda ake tuhuma shi ke magana a ƙarshe.

*Mataki na biyar: ɗaukaka ƙara.* Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara. Ana shaida wa magatakardar kotun da ta yi hukuncin. Wanda ke tsare kuwa yana iya yi ta ofishin gidan kaso. Mutanen jiharmu ta Tawa, kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa ce ke duba ƙararrakinsu.

*Misali na 2.* An yanke wa mutum hukunci yana gaban kotu ranar 3 ga wata. A ƙirga kwana 10 daga washegari: ranar ƙarshe ita ce 13 ga wata. Da yawa sukan zauna jiran ɗan'uwa ya dawo daga ci-rani, ko a sayar da akuya tukuna, har wa'adin ya wuce. Ba sai ka tara kuɗin lauya za ka shaida wa magatakarda ba. Fara ɗaukakawa, sauran shiri ya biyo baya.

> Akwatin kalmomi na 2
> Tsarewar bincike: riƙe mutum na ɗan lokaci a ofishin jandarma ko na ƴan sanda.
> Alƙali mai bincike: alƙalin da ke tono gaskiya, yana neman hujjar da za ta kama mutum da wadda za ta wanke shi.
> Sakin talala: sakin wanda ake tsare da shi kafin a gama shari'a, bisa sharaɗin zai zo duk lokacin da aka kira shi.
> Ɗaukaka ƙara: roƙon kotu ta gaba ta sake duba hukunci.

4. Abin da tuhuma ke jawowa

Tun kafin hukunci, aiki yakan tsaya. Wanda aka tsare a watan Yuni ya rasa shuka, wanda aka tsare a Oktoba ya rasa girbi. Ma'aikacin gwamnati ana iya dakatar da shi. Iyali su ke ɗaukar kuɗin mota da na abincin kai wa gidan kaso. Ga kuma zubewar mutunci: a fasa baiko, abokan ciniki su janye, yara su sha gori a makaranta.

*Misali na 3.* Wani ɗan kabu-kabu a Ƙonni yana samun ribar jika 3 a yini. An tsare shi kwana 60, daga baya kotu ta wanke shi. Jika 3 sau 60 jika 180 ke nan. Idan matarsa tana kashe jika 1 kullum wajen kai masa abinci, an ƙara jika 60. Asararsa ta kai jika 240, alhali bai yi laifin komai ba. Da an samo masa sakin talala a mako na biyu, da mafi yawan wannan kuɗi bai salwanta ba.

Idan kotu ta kama mutum da laifi, abubuwa huɗu na iya biyowa. Akwai ɗauri. Akwai tara, wadda ake zubawa a baitulmalin gwamnati. Akwai diyya, wadda ake biyan wanda aka cuta, kuma zaman kaso ba ya goge ta. Sannan akwai takardar kaziye, inda ake rubuta hukuncin. Ita ce ake karɓowa daga kotun yankin da aka haifi mutum, ana neman wadda ba ta wuce wata uku ba duk lokacin da zai shiga jarrabawar aikin gwamnati, ko aikin soja, ko zai tsaya takara. Ɗaurin wata shida yana ƙarewa, amma abin da aka rubuta a kaziye yana iya tare wa mutum hanya shekaru da yawa. Wasu hukunce-hukuncen ma suna hana mutum jefa ƙuri'a. Wanda ya sake yin laifi kuwa, horonsa na biyu yakan fi na farko nauyi.

Doka ta bar ƙofar gyara. Mai laifin farko kotu na iya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Wanda ya gama horonsa, ya biya tara da diyya, ya zauna lafiya na tsawon lokacin da doka ta ƙayyade, yana iya neman a wanke masa suna.

> Akwatin kalmomi na 3
> Tara: kuɗin horo da ake biyan gwamnati.
> Diyya: kuɗin da ake biyan wanda aka yi wa ɓarna.
> Ɗaurin je-ka-gyara-halinka: ɗaurin da aka yanke amma ba a zartar ba, sai in mutum ya sake laifi cikin wa'adin da doka ta sa.
> Takardar kaziye: takardar kotu mai nuna hukuncin laifin da aka taɓa yi wa mutum.

5. Aikin lauya

Wasu na ganin lauya mai mayar da ƙarya gaskiya ne. Ba aikinsa ke nan ba. Mai gabatar da ƙara ya karanci doka, yana da takardu a gabansa, jandarma na yi masa aiki. Wanda ake tuhuma kuwa sau da yawa bai taɓa shiga kotu ba. Lauya shi ke daidaita ma'aunin. Ga abin da yake yi:

- Yana ganawa da mutum a keɓe, ya fahimtar da shi tuhumar da horon da ke kanta. Abin da ka gaya masa sirri ne da doka ta hana shi fallasawa, don haka kada ka ɓoye masa komai.
- Yana karanta takardun ƙara, ya duba ko an kiyaye wa'adi da ƙa'idar bincike. In an karya su, yana iya neman a soke abin da aka yi.
- Yana neman sakin talala, yana kawo shaidu, yana yi wa shaidun ɗaya ɓangaren tambayoyi.
- In laifin ya tabbata, yana nuna wa kotu dalilan sassauci: laifin farko ne, an mayar da kaya, akwai iyali a wuyan mutum.
- Yana ba da shawarar ɗaukaka ƙara, ya kuma bi ta.

Ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa ranar 25 ga Satumba 2014 ta ba lauya izinin tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. A shari'ar babban laifi da ta yara, dole ne a sami mai kariya.

Akwai abin da lauya ba ya yi. Ba ya alkawarin nasara, ba ya sayen shaidu, ba ya kai wa alƙali kuɗi. Duk wanda ya tare ka a bakin kotu ya ce ka kawo wani abu a kai wa "manya", ɗan damfara ne, kuma mai ba da cin hanci shi ma ya shiga laifi. Ku daidaita kuɗin aiki da lauya tun farko, ka karɓi rasit.

*Misali na 4.* Wani saurayi daga Malbaza ya sayi babur a hannun wani baƙo, ashe na sata ne. An tuhume shi da sayen kayan sata. Wannan laifi ba ya tabbata sai an nuna mai sayen ya san kayan na sata ne. A nan mai kare shi zai tsaya. Zai tambaya: nawa ka saya, kuɗin ya yi daidai da na kasuwa? Da rana aka yi cinikin ko da dare? Akwai takardun babur da takardar ciniki? Su wa suka shaida? In saurayin ya saya a farashin kasuwa, a gaban dillali da shaidu biyu, da takarda, hujjarsa ta yi ƙarfi. In kuwa ya saya a rabin kuɗi a bayan gari, kariyarsa ta yi rauni.

*Wanda ba shi da hali fa?* Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kawo su Ƙonni ko Illela kuwa sai mai ƙarfi. Saboda haka dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ, mai ba da taimakon shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna, har da na Ƙonni da Tawa. Shawara da wayar da kai kyauta ne ga kowa. Samar da mai kariya kuwa na marasa hali ne da masu rauni, kamar yara, naƙasassu, da matan da aka ci zarafinsu. Inda ba lauya, ana naɗa mai kariya daga cikin mutanen da aka horar don wannan aiki.

6. Shari'ar da ta faru a Ƙonni: Hadijatu Mani

A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani, tana ƴar shekara 12, a kan jika 240, ga wani dattijo a yankin Ƙonni, a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ba tare da aure ba. Ta yi shekara tara tana bauta a gidansa. Bayan dokar 2003 ta mayar da bautarwa babban laifi, ya ba ta takardar ƴanci ranar 18 ga Agusta 2005, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce.

A Fabrairu 2006 ta kai ƙara. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure a tsakaninsu, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Babbar kotun Ƙonni ta rushe wannan hukunci, Kotun Ƙoli kuma ta soke na babbar kotun a Disamba 2006, ta ce a sake zama. Ana cikin haka Hadijatu ta auri wanda take so. Sai mutumin ya kai ta wurin jandarma, ya ce ta yi aure kan aure. Mai neman haƙƙinta ta koma wadda ake tuhuma.

Ranar 2 ga Mayu 2007 babbar kotun Ƙonni ta yanke wa Hadijatu da ɗan'uwanta da sabon mijinta ɗaurin wata shida da tarar jika 50 kowannensu. A ranar ta ɗaukaka ƙara. Duk da haka, ranar 9 ga Mayu aka kai ta gidan kaso tare da ɗan'uwanta. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bautarwa ta tsaya mata, lauya Abdurahaman Shaibu ya riƙe shari'arta. Ofishinsa ya shigar da ƙarar bautarwa a kan mutumin, aka kuma bi ɗaukaka ƙarar har Yamai, inda ake duba ƙararrakin Ƙonni a lokacin. Ranar 9 ga Yuli 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a yi musu sakin talala, bayan wata biyu a tsare.

Lauyoyinta sun kai maganar kotun CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce an bautar da Hadijatu, hukumomin Nijar kuma ba su kare ta ba, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2009 aka ba ta lambar yabo ta mata masu jarunta a Amurka.

Wannan shari'a ta koya mana abu uku. Tuhuma tana iya faɗa wa wanda aka zalunta. Hukuncin kotun farko ba shi ne ƙarshe ba. Kuma ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, tare da mai kariya da ya san hanya, shi ya fitar da ita kafin ta cika wata shida.

Taƙaitawa

Tuhuma ba hukunci ba ce, amma asararta tana farawa daga ranar kamu. A riƙe lambobi uku: awa 48 na tsarewar bincike, kwana 10 na ɗaukaka ƙara, shekara 13 ta yaro. Kada a dangwala a takardar da ba a fahimta ba. A nemi lauya ko ofishin ANAJJ tun ranar farko.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin zargi da tuhuma da hukunci?
2. Kawo kashi uku na laifuka, da misali ɗaya na kowanne.
3. An kama mutum ranar Talata ƙarfe 4 na yamma kan zargin sata. Yaushe wa'adin farko zai cika? In an ƙara fa?
4. An yanke hukunci ranar 12 ga wata. Wace rana ce ta ƙarshe ta ɗaukaka ƙara?
5. Wa ake biya tara, wa ake biya diyya?
6. Wani tela yana samun jika 2 a yini, an tsare shi kwana 45. Nawa ya yi asara?
7. Faɗi abu uku da lauya ke yi, da abu biyu da ba ya yi.
8. An yi sulhu a gaban mai gari kan duka da rauni, mai ƙara ya yafe. Shari'a ta ƙare ke nan? Kawo dalili.
9. Wane laifi aka tuhumi Hadijatu Mani da shi a 2007, kuma ta yaya ta fito daga gidan kaso?

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya rubuta abu biyar da iyali za su yi a ranar da aka kama wani nasu. Ku kuma binciko inda ofishin ANAJJ mafi kusa da garinku yake. Ku kawo amsa a darasi mai zuwa, kowa kuma ya karanta wa mutanen gidansa abin da rukuninsa ya rubuta.